Talatar Dilo

A gidanmu na ƙauye, kusa da Kanan-Bakashe, ba a tuƙa tuwo ranar Talata. Ko da rumbu ya cika har baki, Kaka Saratu, mahaifiyar babanmu, sai ta dafa mana dilo, 'ya'yan anzar nan da ba mai waiwayarsu sai yunwa ta kai wuya. Kwanaki take jiƙa shi tana canja ruwa don ɗacin ya fita, amma bai taɓa fita duka ba. Maƙwabta dariya suke mana, har a majami'a ana tsokanar Baba, wai ga hatsi a gida yana ciyar da 'ya'yansa abincin fari.

Ni na fi kowa ƙin Talata. Kuma ni yaro ne mai fargaba. In hadari ya yi jinkiri, ko Baba ya daɗe a kasuwa, sai in fara kuka. Kaka takan ce ta yi rashin sa'ar miji, tunda maigidan nata ko kukan jaki firgita shi yake.

Bayan abincin dare takan hura karan gero a ƙofar ɗakinta, mu kewaye wutar. Wata Talata na tofar da dilona a bayan turmi, ashe ta gani. Ba ta yi faɗa ba. Ta gyara itace ta ce mu matso, tatsuniya ta iso tana neman wurin zama.

Wai wasu mata biyu suka ji takun Yunwa a bayan gari. Ta farko ta kwashi kayanta ta ruga. Duk sanda ta ji takun, sai ta yar da wani abu don ta ƙara sauri: ta saki akuya, ta yar da ƙwarya, daga ƙarshe ta zubar da irin shukarta. Ta faɗi a daji ba ta da komai, alhali Yunwa ko rijiyar garin ba ta ƙaraso ba. Ta biyun kuwa ta daɗe tana gayyatar Yunwa yini ɗaya a kowane mako, ta shimfiɗa mata tabarma. Ta san lokacin da take cizo, ta san lokacin da take gyangyaɗi. Da Yunwa ta zo zama, matar ta nuna mata tabarmarta, ta ci gaba da aikinta.

"Ta farkon nan, ba Yunwa ta kashe ta ba," in ji Kaka, tana kallona. "Takun ne."

Na ɗauka wayon tsofaffi ne kawai, don mu cinye dilo.

Sai shekarar fari ta zo, zamanin mulkin soja. Gero ya bushe tun yana gwiwa. Motar taimako ta kawo jar dawa, aka raba, ba ta daɗe ba ta ƙare. Abin da ya rage mana dami uku ne na iri, a ƙaramin rumbun da Kaka ta liƙe bakinsa da laka. In aka ci su, ko ruwa ya sauka babu abin shukawa. Gidaje da yawa sun riga sun cinye nasu, don yaransu ba su saba da dilo ba, suna ci suna amai, iyaye kuma ba su iya jure kallo.

Wata safiya Baba ya ɗauki gatari ya nufi rumbun. Ya ce ya kasa barci, gani yake za mu mutu ɗaya bayan ɗaya. Kaka ta je ta zauna a gindin rumbun.

"Ɗana, wa ya faɗi cikin ɗiyanka?"

"Ba kowa, Inna."

"To taku kake ji. Aje gatarin ga."

Ya ajiye. Wata huɗu kullum Talata ce a gidanmu. Mun rame, amma cikinmu ya san baƙuwar, bai mayar da komai ba. Da ruwan shuka ya sauka, Kaka da kanta ta fasa lakar. Muka shuka, ta ɗebi dami guda ta raba wa waɗanda suka yi mana dariya.

Yanzu na haura hamsin, kuma fargabar nan ba ta rabu da ni ba. Abin da na koya shi ne in riga ta. Sakamakon likita da nake tsoro, da sassafe nake zuwa karɓa. Maganar da ke hana ni barci, ita nake fara yi. Ba daɗi, sai dai nakan tarar abin bai kai takunsa ba.

Kafin Kaka ta rasu na taɓa kai mata dilo, ina zaton abin marmarinta ne. Ta ture kwanon, ta ce tun tana yarinya ba abin da ta tsana kamarsa.

"To don mi kike ci duk Talata?" na tambaye ta.

"Ni ce ta farkon nan, maigida," ta ce. "Na taɓa cinye iri."