Ragowar Baba a Ƙaramin Faranti

Ƙanena, autan gidanmu, ya bar Zariya yana saurayi ya tafi Legas. Daga can ya samu aikin girki a jirgin ruwa, jirgin kuma ya ajiye shi a wani gari na bakin teku a ƙasar Sifen. Ya daɗe har muka daina tambayar yaushe zai dawo. Da ya dawo, wajen ƙarshen shekarun alif ɗari tara da tamanin, mun zaci mota zai saya ya sa a haya. Sai ya kama wani ɗan shago a Tukur-Tukur, ya shafe shi da farin fenti, ya jera tebura da benci, ya ce gidan abinci ya buɗe irin na can.

Ina koyarwa a wata firamare kusa da wurin a lokacin, ni kuma Allah ya yi ni da son ganin ƙwaƙwaf. Ranar da na fara leƙawa bayan an tashi makaranta, na tarar da malamai daga Wusasa da wasu ɗalibai, gabansu cike da ƙananan faranta irin waɗanda ake ɗora kofin shayi a kai. Wannan da yankan wainar ƙwai da dankalin Turawa mai kauri, wancan da soyayyar hanta da tafarnuwa, wani da gasasshen tattasai an yaryaɗa masa man zaitun. Har burodi aka gasa aka goga masa tumatir, wai shi ma abinci ne. Kowa yana miƙa hannu farantin kowa, ana ci ana surutu.

"Wannan ɗanɗano ne, ko abincin ke nan?" na tambayi ƙanena.

"Abincin ke nan, Yaya. Tapas suke ce masa. Ba a cika ciki da abu ɗaya. A ci wannan kaɗan, a kawo wani."

"To mai wanke-wanke fa, me ya yi muku?"

Ya yi dariya ya ajiye min hantar. Gaskiya ta yi daɗi, sai dai da na koma gida sai da na ɗora tuwo a kai.

Mutum ɗaya ne bai taɓa taka shagon ba, shi ne Baba. Babanmu maɗinkin babbar riga ne a Ƙofar Kibo, kuma dattijon cikin birni irinsa ba ya cin abinci a waje. A wurinsa tauna a gaban jama'a zubar da girma ne. Bai hana auta sana'arsa ba, bai kuma sa mata albarka ba. Shirun nan ya fi faɗa ciwo. Wata rana ƙanena ya ce min in Baba bai ci abincinsa ya sa albarka ba, zai rufe shagon ya koma jirgi. Na san shi, in ya faɗa zai yi, ni kuma ba na son mu sake rasa shi.

Na yi ta zarya tsakaninsu har Baba ya yarda zai zo ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, lokacin da shagon yake rufe. Muka shimfiɗa masa tabarma a ɗan filin da ke bayan kicin, inda ba mai ganinsa.

Faranti na farko 'ya'yan zaitun ne, daga wata kwalba da auta ya sayo a Kano. Baba ya daɗe yana kallon farantin, ni kuma na zuba masa ido, don ban taɓa ganin an kawo wa magidanci abinci a abin da bai kai tafin hannu ba. Sai ya ɗauki ɗaya ya juya shi a yatsunsa.

"Wannan shi ne zaitun ɗin da muke karantawa a Alƙur'ani?"

"Shi ne, Baba."

"Ashe haka yake. Na zaci ya fi haka girma."

Ya tauna, ya ɗan yamutsa fuska saboda gishiri, ya ƙara wani. Daga nan ya tura farantin gefen tabarma da sauran a ciki. Aka kawo tattasai, ya tambayi yadda aka yi aka cire masa ɓawo bai dagargaje ba. Ya ci rabi, ya tura. Hanta ma haka, burodin ma haka. Duk farantin da aka ajiye sai ya yi tambaya a kansa kamar yana duba ɗinkin wani, ya raba shi biyu, ya ci rabi. Ƙanena yana ɗaukewa yana kawo wani, fuskarsa tana ƙara ɓaci.

Na bi shi kicin. Na same shi yana kankare farantin hanta cikin bokitin shara.

"Bai so ko ɗaya ba, Yaya," ya ce. "Wanda ya koya min girki ya sha gaya min, duk farantin da ya dawo da abinci, laifin mai dafuwa ne."

Raina ya ɓaci ƙwarai, har na ji kamar in ƙwala masa ludayi. A gidanmu Baba ba ya cinye abincinsa, komai daɗinsa, komai ƙanƙantarsa. Rabo yake ragewa, kuma na auta ne. Wannan ƙaton da ke tsaye gabana shi ne mai zama a bakin zaure yana jiran a turo masa kwano, mu manya muna harararsa.

"Ka haye teku ka koyo girki, ka manta yadda ake ci a gidanku," na ce. "Wa ke cin ragowar Baba?"

Ya tsaya da faranti a hannu. Ya kalli bokitin, ya kalle ni.

Abu ɗaya ya rage bai kai ba, wainar ƙwai da dankali. Ya yanka, ya ɗauka, na bi bayansa. Wannan karon da ya ajiye bai koma ya tsaya daga nesa ba, ya tsuguna a bakin tabarma. Baba ya dube shi.

"Waɗancan da ka ɗauke, ka ci?"

Na buɗe baki zan rufa masa asiri, ya riga ni.

"Na zubar, Baba. Na zaci ba ka so ne."

Na tabbata Baba tashi zai yi ya sa takalmansa. Sai ya gyara zama, ya yi tambaya da muryar da yake ta tambayar zaitun da tattasai, kamar wannan ma wani abu ne na ƙasar can da yake son ya sani.

"Duk zaman da ka yi a can, wa yake rage maka?"

"Ba kowa, Baba."

Baba ya gutsuri ɗan kaɗan daga gefen wainar, ya sa a baki, ya tura masa farantin kusan yadda aka kawo shi.

"Ci," ya ce. "Allah ya sa wa wurin nan albarka."

Ƙanena ya ci a tsugune, kansa a ƙasa, yana hawaye. Lomar da ba ta fi ta yaro ba ta ɗauke shi lokaci mai tsawo, Baba kuma bai tashi ba sai da ya ga ya cinye.