Barau Mai Jiran Girgiza

"To ka gaya mani wadda ke ciyar da kai!"

Muryar Tani ce ta huda katangar da ta raba ɗakina da gidansu, wata Laraba da la'asar. Katangar ƙasa ce, gara kuma ta riga ta yi mata aiki, ko ban kasa kunne ba magana iske ni take.

"Wace irin magana ce wagga?" in ji mijinta, Barau mai famfo.

"Ta tuwo ce. In tuƙa, ka taɓa malmala kamar mai taɓa garwashi, ka ce ka ƙoshi. Jiya haka, shekaranjiya haka, har kajina sun gaji da shi. Ga tumbi kullum gaba yake yi! Baban Sarai, in ranar kasuwa ta zo ba ka ci tuwona ba, Farfaru zan tahi gidanmu. Sai ka zauna da girgizar ƙasarka."

Ni dai na ji Barau ya ja takalmi ya fita.

Mutumin Bugaje ne, manomi ɗan manomi. Shekarun fari suka kore shi zuwa Nijar, har ya kai Arlit, inda Faransawa ke haƙar yuraniyom, ya zama mai riƙe wa masu haɗa bututu kaya. Can wani Bafaranshe ya ba shi labarin cewa ƙasar da suke haƙowa tashar lantarki ake kai ta a garinsu, kuma a tashar ba abin da ake tsoro kamar ƙasa ta girgiza bututu ya tsage. Don haka kullum cikin dubawa da sauyawa suke. Wanda aka ɗaure tamau shi ke karyewa, wanda aka bar wa wurin motsi sai ya yi rawa ya tsaya. Da wannan magana Barau ya dawo Jibiya, da sifana, da hular kwano.

Ya dawo a kan gaɓa. Kuɗin fetur ya sauko, an kafa tankin ruwa, kowane Alhaji yana son famfo a tsakar gida. Magina kuwa sai su binne bututu cikin siminti su shafe. Ga manyan motoci suna ratsa gari zuwa iyaka da lodin siminti da shinkafa, in sun wuce har kwanuka ke kaɗawa a ɗaki. Bututu suka dinga yoyo ta mahaɗa. Barau ya bi su gida gida yana tonowa. Ya shimfiɗa musu yashin gulbi, ya sa guntun tiyo a mahaɗa, ya lanƙwasa wani wuri kamar wuyan raƙumi. In an tambaye shi dalili sai ya ce saboda girgizar ƙasa. Tsofaffi suka ce tun kakanninsu ƙasar Jibiya ba ta taɓa ko atishawa ba. Aka sa masa suna Girgiza. Amma yoyo ya tsaya cak.

Nan ne matsalar. Mai gyara ya gyara har ya kori kansa daga aiki.

Sai ya ɓullo da dubawa. Zai shiga zauren gida, inda bututu ya ratsa, ya kafa sandar ƙarfe a kansa, ya ɗora kunne a ɗaya bakin, ya jira babbar mota ta wuce don ya ji yadda bututun ke amsawa. Ƙaramar mota ba ta cikin lissafi, sai mai lodi. Masu lodi kuwa kwastan ba ta sakinsu sai wajen azahar, daidai lokacin da ake fito da akushi. Wane maigida ne zai ci abinci mutum na tsugune a zaurensa yana yi masa gadin ruwa? Gidan Alhaji Maharazu shinkafa ce da miyar nama. Gidan Kalilu direba taliyar Maraɗi. Gidajen da ake fura kawai da rana, ikon Allah, bututunsu lafiya lau suke, ba su cika bukatar dubawa ba.

Mutane suka ce ciki ne. Ni ban yarda ciki ne kaɗai ba. Na taɓa ganin fuskarsa lokacin da mota ta wuce, zaure ya yi tsit, Alhaji ya sunkuyo ya ce, "Yaya, Barau?" Sai ya ja lokaci kafin ya amsa, yana lumshe ido kamar mai tsotsar ɓargo. A Arlit da furfurarsa yaro ake kiransa. A gida kuwa tun da aka aurar da 'yarsu Sarai zuwa garin Kusa, ba wanda ya ƙara tambayarsa yaya. Famfon gidansa ma shi kaɗai ya rage cikin siminti a unguwar, bai taɓa ɗora masa kunne ba.

Alhamis ta wuce, Juma'a ta wuce, kaji suka ci tuwo.

Ranar Asabar gab da azahar, bayan ya fita, na ji Tani na daka. Amma ƙarar ba ta turmi ba ce, ƙarfe ke amsawa. Sai shiru. Shirun ya daɗe, har wata mai lodi ta wuce katanga ta yi rawa. Sannan ta kwarma ihu: "Jama'a, ruwa! Wayyo, famfo ya hwashe!"

Aka tarar da Barau a zauren Alhaji Maharazu ya wanke hannu ke nan. Ya iso da gudu, maƙwabta na biye, ya rufe ruwan ya tsuguna. Bututun ya lotsa, lotsawa zagayayya daidai kan taɓarya. Taɓaryar kuwa ga ta can jingine da bango, bakinta a tsage. A ƙofar ɗaki ga ƙullin kayan Tani, ɗaure tun kafin ranar kasuwa.

"Wanga ai kamar an sa..." Kalilu ya fara.

"Direba, na taɓa koya maka tuƙi?" in ji Barau.

Ya kafa sandarsa a kan fasasshen bututun, ya ɗora kunne. Tsakar gida ta yi tsit. Tani ta matso, ta rage tsawo, ta ce, "Yaya, Baban Sarai?"

Ya lumshe ido ya ja lokaci. "Aiki ne babba. Sai an tono shi duka, kuma kullum sai an duba. Mi kika dahwa?"

"Tuwon jiya na nan. Kaji sun ƙi shi."

"Ɗumamo shi."

Ta sa ƙafa ta tura ƙullin kayan cikin ɗaki, ta nufi murhu. Shi kuwa ya raka mu ƙofa, ya dafa ƙyaure, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"Ga girgizar da nike gaya maku, yau ta iso Jibiya. Ku ce ma Alhaji daga yau kada shi jira ni da azahar. Irin wagga in ta fara a gidan mutum, ba a yin nisa da ita."