Jaridar Naɗe Kifin Kawu Sale

Har yau mutanen unguwarmu cewa suke ambaliya ce ta kori Kawu Sale daga Haɗejiya. Ƙarya ne. Jarida ce ta kore shi, kuma da bakina na karanta ta.

Kawu ƙanen Inna ne, kifi yake soyawa a tashar motar Guri da ke garinmu. Zani yake ɗaurawa in zai yi tuya, maganarsa da rangwaɗa irin ta mata, direbobi su tsokane shi, ya rama, kowa ya ci kifinsa ya kama gabansa. Ina aji huɗu, in an tashi daga makaranta can nake zuwa in yayyaga masa tsofaffin jaridu na naɗe kifi, kuma a jikinsu na iya karatu. Lokacin, in ma an ambaci maza masu neman maza, to can baya ne kusa da labarin ƙwallo, 'yan layuka kan Turawa suna gardamar aurensu. Sai shekarar da ruwa ya cinye shinkafar fadama, zancen ya dawo shafin farko da manyan baƙaƙe: majalisa, doka, ɗauri. Ran wata kasuwa, tasha ta cika, ni sarkin son a ce na iya Turanci na ɗaga wata takarda duk mai, na karanta da ƙarfi, har da fassara. Wani direba ya ajiye kifin hannunsa ya ce, "To Sale, ashe naku ne ya fito a jarida." Ba wanda ya yi dariya. Kawu ya zare takardar daga hannuna a hankali ya ce, "Uwata, tafi gida." Sati bai zagayo ba yara suka fara jifan kaskonsa. Da ruwa ya janye, shi ma aka neme shi aka rasa.

Yanzu ko gardamar ba a yi. Hotuna kawai ake bugawa, samarin da aka kama a tsugune a jere, fuska a buɗe. Duk hoton da ya shigo wayata sai na ƙara girmansa ina bin fuskokin ɗaya-ɗaya. Inna ta kwanta, ƙafafu sun kumbura, ba ta kiran kowa sai shi, Baba kuwa ya hana a ambaci sunansa. Wani mai kai bandar kifi Kano ya ce ya ga mai kama da shi yana tuya a can. Ban nemi izinin kowa ba. Ran Asabar zan bi motar kifin nan, in bi tasha-tasha har in ji muryarsa.