Ranar da Na Sa Yaya Ya Faɗa da Bakinsa

Ni na fi kowa ɗaga murya ranar da aka yi taro kan kawo injin ɗaukar ma'aikata kamfaninmu. Kamfanin rarraba shinkafa da man girki ne, sitonmu na bayan kasuwar Kejetia a Kumasi, ni kuma ina ofishin ma'aikata shekara tara. Na gaji, wallahi. Duk wanda aka ɗauka ƙanen wani ne ko surukin wani. Manaja ya kawo ɗan garinsu, mai kula da sito ya kawo ɗan cocinsu, mu ma 'yan Zango ba mu da bakin magana, in ka ji mun yi shiru to namu ne ya shiga. Mutum zai zo da takardunsa tsaf, ya wuni a benci, a ce ya dawo gobe, alhali tun jiya aka ba wani aikin ta waya. Na buga tebur na ce a kawo, kowa ya daina jawo danginsa. Masu kawowa suna ce masa ƙirƙirarriyar basira, mu dai inji muke cewa.

Ba zan ci haƙƙinsa ba, ya yi abin kirki. Mai neman aiki zai zauna gaban waya, inji ya yi masa tambayoyi da Turanci ko yaren Tuwi, ya ba shi maki. A watan farko ya zaƙulo mana wata mata da ta yi shekaru tana dakon kaya a kasuwa, ba ta san kowa ba, ga kaifin kai. Da a da ne ko ƙofar ofis ba za ta wuce ba. Na yi ta yawo da labarinta kamar ni na ƙera injin.

Sai muka buƙaci direba. A lokacin yayana, uwa ɗaya uba ɗaya, yana zaune a gida a unguwar Alabar wata na biyar. Shekara ashirin da shida yana jan babbar mota tsakanin Kumasi da arewa, mai motar ya rasu, magada suka sayar. Ga mata, ga 'ya'ya biyar, ga shi mutum ne da bai iya zama ba. Ya zo har ɗakina ya ce, “Auta, ki yi wa manajanku magana mana.”

Na ce, “Yaya, ai yanzu ba a magana. Inji ne.” Har da ɗan alfahari na faɗa, Allah ya yafe mini.

Ranar Asabar da hantsi ya zo cikin rigarsa ta Juma'a, saboda waya fa! Na jingine masa ita a jikin fulas, na koma gefe. Tambayoyin farko ya amsa lafiya lau. Da injin ya tambaye shi sau nawa ya taɓa yin haɗari, sai ya sunkuyar da kai ya ce Allah na tsarewa. Injin ya sake tambaya. Ya ce muna cikin tsarin Allah. Na yi ta yi masa alama da hannu, ko kallona bai yi ba.

Na san dalili. Tsofaffin direbobinmu ba sa furta cewa ba su taɓa haɗari ba, ba sa ma ƙirga shekarun a fili. Sun ce baki ne, ranar da ka faɗa ranar ka buɗe ƙofa. Maigidan da ya koya wa Yaya tuƙi ya taɓa marinsa a kan haka. Yaya kuwa ko akuya bai taɓa takewa ba, duk tasha an sani. Inji bai je tasha ba. Ya rubuta cewa mai neman aiki ya kauce wa tambaya kan haɗari, ya kayar da shi.

Akwai hanya. A tsarin akwai wurin da ma'aikacin ofis zai nemi mutum ya sake duba wanda aka kayar. Da na danna, da manaja ya kira direba ɗaya daga tasha ya ba da shaida, magana ta ƙare. Ban danna ba. Na tuna yadda na buga tebur, na hango yadda za a kalle ni a ce ga ta nan ta kawo yayanta. Kunyar mutane ce ta hana ni, ba wani abu ba. Na zaɓi ɗaya hanyar, wato ya sake gwadawa bayan mako biyu.

Mako biyun nan na hana shi sakat. Ya ce, “Auta, ba a faɗa.”

Na ce, “Haba Yaya! Waya ce fa, ba mutum ba. Wa zai ji? Camfin tasha ne zai ciyar da yaran nan?”

Na haɗa da matarsa, ita ma ta zauna masa a kai. Ran gwajin ya zo cikin kayan zaman gida. Da aka zo tambayar ya dubi wayar, ya ce shekara ashirin da shida, bai taɓa yin haɗari ba ko sau ɗaya. Muryarsa ta fito kamar ta wanda ya kwana biyu bai ci ba. Ya fi kowa maki, aikin ya zama nasa. Na yi guɗa, shi kuwa ya tashi ya fita ko sallama babu.

Injin nan ba ɗaukar aiki kaɗai yake ba, yana bin kowace mota, duk Juma'a ya turo jerin direbobi, masu kyau kore, masu matsala ja. Makon farko Yaya ja. Na biyu ja. Mutumin da ya san hanyar arewa kamar tsakar gidanmu ya koma tafiyar hawainiya. Ba ya wuce abin da ke gabansa ko keke ne. Kowane gari sai ya tsaya ya zagaya tayoyi yana bubbuga su. Kaya na isa a makare, masu shaguna na ta kira. Na same shi na ce me ke faruwa, ya ce shi dai jira yake.

“Jiran me?”

Kafin in rufe baki na gane ƙofar da ya buɗe yake nufi, ban sake tambaya ba.

Da watanni ukun gwajin da ake yi wa sabon ma'aikaci suka cika, inji ya ba da shawarar a sallame shi. Sai a lokacin na je wurin manaja, bayan abu ya lalace. Bai yi mini gori ba, da ma ya yi da na ji sanyi. Ya juyo mini da kwamfutarsa ya ce in zaɓi dalili. Akwai rashin lafiya, akwai lalacewar mota, akwai rashin kyan hanya. Na karanta har ƙasa. Babu wurin da zan rubuta cewa ƙanwarsa ce ta tilasta masa ya faɗi abin da ya yi shekara ashirin da shida yana riƙewa. Takardar sallamar ta teburina ta biyo, aikina ne, ni na buga ta.

Bayan wata biyu wani mai motocin tumatir da ya san shi tun suna samari ya aiko masa da makulli har gida, ba gwaji ba tambaya. Yaya ya mayar. Ya ce hannunsa ya daina yarda da sitiyari. Yanzu yana tasha yana nuna wa masu lodi yadda ake ɗaure kaya, abin da aka ba shi ya karɓa.

Ina nan a ofis. Injin na nan, kuma in an tambaye ni ko a cire shi, ban san me zan ce ba. Haushin da nake ji na kaina ne, ba na wani ba. Har yau Yaya bai taɓa ce mini ni na jawo masa ba. In na je gidansa shi ke tashi ya ba ni kujera, ya ce a kawo wa Auta ruwa.