Rawanin da na iske cikin kwalla

Shekarun baya, tun gemuna bai san furfura ba, na yi wani kishi da har yau in na tuna sai in rasa inda zan sa fuskata. Ku da kuke biye da ni a nan kun saba jin ina yi wa samarin yanzu tsiya a kan turare. To yau asirin kaina zan tona, ku gyara zama.

Kamar kowane ɗan Adar mai ƙafafu biyu, ni ma na tafi biɗa Abijan. Na bar mai ɗakina muna wata takwas da aure, na bar wa abokina garkar albasata ya riƙa ban ruwa. Da ɓacin rai ma na hau mota, don na buɗe jaka a tasha na iske babu rawanina. Tun daga Tawa har Ƙwanni ina tsine wa ɓarayin tasha.

Shekara biyu na yi ina tallan agogo da tabarau a bakin titi. Da na tashi dawowa na sayo turare kwalba uku, irin wanda in ka ratsa unguwa sai awaki sun yi atishawa. Karatun lakkwal ɗina a aji huɗu ya tsaya, amma na san bai kamata mutumin da ya ga teku ya shigo gida da warin albasa ba.

Mai ɗakina ta tarbe ni da fura da ladabi. Sai dai ladabin irin wanda ake yi wa baƙo ne. In na zauna kusa da ita, sai ta tuna ta bar tukunya a wuta. In na matso, ta matsa. Na ce ƙila turaren ne ya yi kaɗan, na ƙara. Ita ma ta ƙara nisa.

Wata rana da hantsi na fita zuwa fada shan shayi, na tuna na mance carbi, na juyo. Ina ɗaga labule sai na gan ta zaune bakin gado, ta ba ƙofa baya. Ta sauko da kwalla guda daga jerenta, ta kwance leda, ta fiddo wani baƙin rawani, ta tusa fuskarta a ciki. Ta ja numfashi mai tsawo, kafaɗunta suka sauka. Tun da na dawo ban ga jikinta ya saki haka ba. Na mayar da labule a hankali, na fita ba carbin.

Da ta tafi gidan suna washegari, na buɗe kwallar. Rawani ne irin na kowa, wanda rabin mazan kasuwar Lahadi ke naɗawa. Na sunsuna. Zufa, hayaƙi, albasa, jiƙaƙƙiyar ƙasa, da wani abu a ƙarƙashi mai nauyi, na namiji. Na ce a raina: lalle wannan ƙazami ne, kuma shi ake so.

Daga ranar na zama jandarma, hancina ne kayan aiki. A fada in zauna kusa da wannan, in tashi in koma kusa da wancan. In ana gaisawa sai in riƙe hannun mutum in yi ta tambayar iyali ina kai kaina gaba. Allah ya yafe mini, har a sahu na yi. Wani dattijo ya juyo bayan an sallame ya ce, "Ɗana, in mura kake, ka biɗi citta, ka bar ƙeyata ta huta."

Na cire mahauci, na cire mai gyaran moto, na cire malamin lakkwal don shi alli yake wari. Sai ga abokina ya shigo daga garka da la'asar, ya zauna gefena yana ba ni labarin rijiya. Ban ji ko kalma ɗaya ba. Albasa, hayaƙi, jiƙaƙƙiyar ƙasa. Mutumin da muka yi kaciya rana ɗaya. Na dube shi yana dariya, na ga ashe haƙoransa ma sun fi nawa kyau, abin da ban taɓa lura ba.

Da safe na naɗe rawanin cikin riga na nufi wurin mahaifiyata, tana tsince wake a inuwa. Na aje shi gabanta.

"Inna, ga abin da na iske cikin kwallar surukarki. Yau za ta tahi gidansu."

"Na wa ne?"

Na faɗi wanda nake zargi. Ba ta ko warware shi ba. Ta kai shi hanci sau ɗaya, ta aje, ta ci gaba da wakenta.

"Wanga ƙeyarka ce."

"Inna, albasa fa yake wari, kuma shi ke garka."

"Albasa ta kowa ce. Abin da ke ƙarƙashinta naka ne, na ubanka ne. Shekara biyu ina goyon kan nan, kai za ka gaya mini?" Ta ɗago ta yamutsa fuska. "Kuma matsa can. Tun da ka dawo in ka shigo kaina ke ciwo."

Na koma gida. Na iske mai ɗakina tana wanke-wanke, na miƙa mata rawanin. Ta dube shi, ta dube ni, ta share hannu ta karɓa da hannu biyu.

"Malam, ni ce ɓarauniyar tashar."

"Mi ya sa ba ki faɗa ba?"

"In ce mi? Wanda ya tahi na san shi. Wanda ya dawo, in na rufe ido kamar na shiga kantin turare. Mai rawanin nake jira."

Turaren nan kwalba biyu da rabi na kai wa abokina kyauta. Ya yi ta godiya. Har yau bai san ta ban haƙuri ba ce, sai dai in ya karanta wannan. Na karɓi garkata, na koma jan guga.

Kwana tara ina ban ruwa. Ran na tara na shigo da la'asar, laka har gwiwa, na zauna a tabarma. Ta kawo ruwa, ta zagayo ta bayana za ta aje, sai na ji ta tsaya. Numfashinta a ƙeyata. Can ta ce a hankali, "Sannu da zuwa, maigida. Ya hanya?"

Wata biyu ke nan da saukata daga mota.

Abin da na koya ba shi da yawa. Mutum ba ya jin warin kansa, kuma abin da yake ɓoyewa da turare wani lokaci shi ne aka aura. Ban ce ku bar wanka ba, kada wani ya tafi ya ce tsoho ya ba shi izini.

Amma kada ku ɗauka kishin ya wuce. Rawanin yana nan cikin kwallarsa. Ni in na sunsuna leda kawai nake ji, ita ta ce turaren Abijan ne ya kashe mini hanci. Shi bai tsufa ba, ba ya tari, ba ya gardama a kan gishirin miya. Kwanan baya na sake kama ta da shi, muna da jikoki fa, na ce mata yau sai ta zaɓa, ko ni ko shi.

Ta linke shi a hankali, ta mayar da murfin kwalla.

"Malam, shi dai bai taɓa tahiya Abijan ya bar ni ba."