Gwaggo Ta Ce a Nemo Mota

Jiya a kasuwa na ji ƙamshin ƙuli-ƙuli mai zafi, sai Gwaggo, yayar mahaifina, ta faɗo mini a rai. Ita ke soya shi a unguwarmu a Kontagora, kuma duk wanda ya ce ta huta, amsarta ɗaya ce: "Ban gama ba."

Tun kafin a yi Jihar Neja ciwon daji ya kama ta. Aka cire mata nono ɗaya, aka yi ta ɗura mata maganin da ya kakkaɓe mata suma. Daga baya likita ya ce saura gashin wurin da na'ura, kuma sai a Ikko ake yin sa.

Ina riƙe da hannunta ranar da 'yan'uwa suka taru. Hannun ya yi sanyi, ba nauyi, amma yana ƙamshin man gyaɗa. Mahaifina ya ce, "Yaya, kin sha wuya. Likitan ma bai ce lallai za ki warke ba. Ki zauna gida mu yi ta addu'a."

Ta gyara ɗaurin ɗankwalinta, ta dube shi. "Addu'ar ba ta kaiwa Ikko ne? Ban guji wuƙa ba, ban guji allura ba, sai wuta? Jikina ne. Ka nemo mini mota."

Ta je, ta dawo da fatar ƙirji a ƙone. Ta ƙara shekaru, har ta yi rawa a bikina kafin ciwon ya dawo.

Allah ya sanyaya makwancinki, Gwaggo, ya ba mu zuciya irin taki ranar da tamu jarrabawar za ta zo.