Asabe Mai Tsufar da Tukwane

Asabe Gwadabe Labaran na fara saninta a Zangon Kwatano cikin watan Maris na 1974. Sana'arta ita ce ta sayi sababbin tukwane, ta shafe su da ruwan bagaruwa da toka, ta turara su da ɓawon kwakwa, ta binne su kwana bakwai. Idan ta tono su, sai ka rantse na kakanni ne. Turawan unguwar Ganhi ke saye.

Da gwamnati ta fara yaƙi da tsafi, 'yan kwamitin unguwa suka zo tafiya da ita, wai tukwanen tsafi take ɓoyewa.

"Kamarad, tashi," in ji shugabansu, wato abokiyar gwagwarmaya.

"Ni sa'ar uwarka ce, ba kamarad ba." Ta ɗauki tukunyar da ta fi baƙi, ta doka da ƙasa, cikinta ja wur. "Ɗana, wane aljani zai zauna a tukunyar da aka gasa makon jiya? Aikin hannuna ne, kuma gobe ma zan yi."

Suka fita ba su taɓa ta ba. Da idona na gani, da hannuna na rubuta.

Na gan ta ganin ƙarshe ranar 9 ga Yuli, 1981.